Kurakuran da aka fi yi wajen toshe hujin tsatsa a jikin tsohuwar mota

Mutane da yawa a Sakkwato sun ɗauka tsatsa ciwon motocin Legas ne da Fatakwal, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. Mu da rana ke gasawa, ina ruwanmu? Sai ran da mai Fijo 504 ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin ƙafar direba ya hango kwalta ta cikin huji. Irin waɗannan motoci, da kamfanin PAN na Kaduna ya daɗe yana harhaɗawa tun bayan buɗe shi a 1975, har yau akwai masu riƙe da su kamar gadon gida, kuma yawanci wurin gyara ake ƙarasa su.

Kuskure na farko shi ne a gyara huji ba a nemi ta inda ruwa ke shiga ba. Zafin bazara, da ke wuce digiri 40, yana busar da robar gilashi har ta tsattsage. Ƙurar hunturu kuma ta toshe 'yan ramukan da ke ƙasan ƙofa, waɗanda aka yi don ruwa ya fita. Damina na sauka, ƙurar ta zama taɓo, ta kwanta cikin ƙofa da ƙarƙashin kafet ta yi makonni ba ta bushe ba. Ga ruwan batir da ke cin mazauninsa, ga fitsarin awaki a bayan a-kori-kurar da ta sha jigilar kasuwar Illela. In ba a sauya roba an buɗe ramukan nan da waya ba, sabon ƙarfen ma hanyar tsohon zai bi.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa kuwa shi ne cusa fila a huji, wato kwaɓin nan da ake shafawa a jikin mota ya daskare kafin fenti. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallo, yaro ya tura guntun kwali da ragar sauro ta baya, ya shafe da fila, ya goge, aka fesa fenti. Wallahi ta yi kyau kamar amarya. Amma fila na shan danshi ta bayanta, tsatsar da aka rufe kuma ba barci take ba. Kafin damina ta zagayo fenti zai fara ƙuraje, daga nan ya fashe, hujin da ya kai kwabo ya koma tafin hannu. Aikin fila shi ne daidaita ɗan lotsawa a kan lafiyayyen ƙarfe, kaurinta kada ya wuce milimita 3. In za ka sayi tsohuwar mota, ka tafi da maganaɗisu ka naɗe shi da ƙyalle ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi. Duk inda ya ƙi kamawa, fila ce jibge.

Sai rowar yanka. Abin da ido ke gani kaɗan ne, domin tsatsa daga ciki take cin ƙarfe. A kankare fenti da giranda a kewayen hujin, a riƙa dannawa da sukudireba, duk inda ya lotsa ko ya yi laushi a yanke, har sai an kai ƙarfe mai haske da kauri. Wani dattijo mai walda ya taɓa ce wa mai mota a gabana, da ya ga yana ɓata rai saboda girman yankan: “Alhaji, ƙarhen da ya mutu ba ya riƙon walda, ka bar ni in kai ga mai rai.” Gaskiyarsa ce. Wuta na taɓa siririn ƙarfe mai tsatsa sai ya narke ya bar sabon huji.

Abin faci ma ana kuskure a kai. Kwanon rufi bai dace ba: ya fi jikin mota siranta nesa ba kusa ba, kuma sinadarin zinc da aka lulluɓe shi da shi yana fitar da farin hayaki mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji in wuta ta taɓa shi. Jikin irin waɗannan motoci kaurinsa wajen milimita 1 ne, don haka murfin inji ko ƙofar wata matacciyar mota daga 'yan gwangwan ya fi. A zana siffar hujin a kwali, a yanka faci daidai wa daida, a haɗa baki da baki. Ɗora faci a kan tsohon ƙarfe ya fi sauƙi, shi ya sa ake yi, sai dai tsakanin biyun nan ɗaki ne ka gina wa ruwa.

Wajen waldar kanta gaggawa ce ke ɓata aiki. Wanda ya ja wuta a layi ɗaya ba tsayawa, musamman da waldar gas mai baza zafi, zai ga ƙofa ta murɗe kamar ganyen da ya sha rana, sai a koma neman fila a rufe kunya. Ɗigo-ɗigo ake yi: a ɗana nan, a tsallaka can nesa, a bari ya huce har hannu ya iya taɓawa, a dawo a cike tsakani. Kafin a kunna wuta a cire kan batir, a fitar da kafet da kujeru, a duba inda bututun mai ya bi. In aikin kusa da tanki ne, a sauke tankin gaba ɗaya.

Ɓangaren faci na ciki kuma kusan kowa mantawa yake da shi, tunda mai mota ba ya leƙawa. Zafin walda ya riga ya ƙone duk wani fenti da ke ciki, ƙarfe ya zauna tsirara. A shafa firaima, wato fentin farko mai kare ƙarfe, ciki da waje a ranar, a bi layin waldar da abin toshe gaɓa, cikin ƙofa da ramin ƙarafan ƙasan mota kuma a fesa kakin hana tsatsa. Wasu baƙin mai suke ɗurawa. Yana ɗan taimakawa, amma yana cin roba yana tara ƙura, kuma ran da aka sake kawo wuta wurin sai ya kama.

Fenti a bar shi sai da sassafe, a yayyafa ruwa a ƙasan rumfa don ƙura ta kwanta. Fila ma a dama kaɗan-kaɗan, don a zafin watan Afrilu kafin ka kai ta jikin mota ta daskare a kan faranti.