Darasi na 9: Romon Talotalo da Masara Mai Madara

Abincin da za mu koya a wannan darasi shansa ake yi da cokali, ba a cin tuwo da shi, ko da yake masu shi suna lissafa shi cikin dangin miya. Idan za a kwatanta shi da abin da muka saba, sai a ce yana tsakanin farfesu da fate, domin ya fi farfesu kauri amma bai kai fate nauyi ba. Launinsa fari ne mai ratsin rawaya, kuma a kowane cokali ana so a sami tsokar nama, da ƙwayar masara, da ɗan guntun dankali.

Asalinsa daga Amurka ne. A ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba mutanen ƙasar suna bikin godiya, wanda majalisarsu ta tsayar wa wannan rana a shekarar 1941, kuma bisa al'ada kowane gida yakan gasa talotalo guda sukutum. Tsuntsu ne babba wanda iyali ba sa iya cinyewa a zama ɗaya, saboda haka washegari sai matan gida su tattara ƙasusuwa da ragowar tsoka su mayar da su romo, su haɗa da masara da dankali da madara. Talotalo da masara duka daga wannan nahiya suka fito, mutanen yankin Meziko ne suka fara kiwon ɗaya da noman ɗaya tun kafin zuwan Turawa. Mu kuwa masana harshe suna danganta sunan da muke kiran masara da ƙasar Masar, wato hanyar da ake jin ta biyo ta iso mana. A Amurka da yawa sukan fara girkin da soya naman alade, mu kuma za mu yi amfani da man shanu ko bota, tare da talotalon da aka yanka bisa ƙa'ida.

Kayan haɗi da awo

Awon da ke nan na mutum 6 ne. Kofi ɗaya a wannan littafi yana nufin mililita 250, babban cokali mililita 15, ƙaramin cokali kuma mililita 5. Wanda ba shi da kofin awo ya tuna cewa ledar ruwan sha da ake sayarwa a titi tana ɗaukar mililita 500, wato kofi 2, kuma leda 2 ita ce lita 1.

Ana bukatar naman talotalo kilo 1 mai haɗe da ƙashi, kuma cinya da fiffike sun fi ƙirji dacewa, saboda tsokar ƙirji ba ta da maiƙo, idan ta daɗe a wuta sai ta bushe ta yi zare-zare. Sai ruwa lita 2, ɗanyar masara guda 6 waɗanda za su ba da kimanin kofi 3 na ƙwaya, dankalin Turawa matsakaita 4, albasa 2, karas 2, da tafarnuwa sala 4. Domin kauri ana bukatar man shanu babban cokali 3 da fulawa babban cokali 3, sannan madara kofi 2. Idan ta gwangwani ce mai ruwa, wadda ba a sa wa sukari ba, a sirka kofi 1 nata da ruwa kofi 1. Kayan ƙanshi kaɗan ake so: gishiri, masoro, 'yar citta, da attarugu ɗaya ga mai son yaji. A ajiye tumatir da manja da daddawa a gefe, ba ranarsu ba ce.

Dafa romo

Idan daskararren nama aka sayo, a bar shi ya saki a cikin firji daga dare zuwa safe, ko a sa shi a leda a tsoma cikin ruwan sanyi ana canja ruwan duk bayan minti 30. Kada a shanya shi a rana, domin bayansa zai ɗumama ƙwayoyin cuta su yaɗu alhali cikinsa yana nan da ƙanƙara. Bayan an gama yanka, a wanke wuƙa da katako da hannu da sabulu kafin a taɓa kayan lambu.

A zuba naman a tukunya da ruwan sanyi lita 2, da albasa ɗaya da aka raba huɗu, da citta, da gishiri ƙaramin cokali 1. Idan ya tafasa za a ga kumfa mai toka-toka ta taso, sai a kwashe ta da ludayi, a rage wuta, a bar tukunyar tana ɓararraka a hankali da murfi a ɗan karkace. Talotalon gona mai ƙuruciya yakan nuna cikin awa 1, amma wanda aka kiwata a gida yana yawo a tsakar gida yakan ci awa 2, kuma romonsa ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Alamar nuna ita ce tsoka ta rabu da ƙashi da an taɓa ta da cokali. A tsame naman, a bar shi ya huce, a yayyaga tsokar da hannu, a tace romon a ajiye. Ana so a sami kamar kofi 6, idan ya gaza a cika da ruwan zafi. Wanda yake da ragowar gasasshen talotalo sai ya dafa ƙasusuwan kawai na awa 1, ya ajiye tsokar sai ƙarshen girki.

Gyaran masara

A nan ne daɗin wannan abinci yake, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin asara ba su sani ba. A zaɓi masarar da aka karyo a ranar, mai koren ɓawo da gemu mai danshi, domin daga lokacin da aka raba ta da karanta zaƙinta yake fara juyewa ya zama sitaci. A buɗe ɓawon kaɗan a danna ƙwaya ɗaya da farce. Idan farin ruwa kamar nono ya fito, ta yi daidai. Idan ƙwayar ta lotsa ba ruwa, ta tsufa, gashi ya fi dacewa da ita. A ƙasar Hausa damina ce lokacinta, musamman watannin Agusta da Satumba, sai kuma wadda masu noman rani suke kawowa daga fadama.

Bayan an ɓare an cire gemun, a tsayar da masarar a cikin faffaɗan kwano, a riƙe kanta da hannu ɗaya, a sa wuƙa a yanko ƙwayoyin daga sama zuwa ƙasa ba tare da an nutsa wuƙar cikin totuwa ba. Sa'an nan a juya wuƙar a kankare totuwar da bayanta. Za a ga wani farin ruwa mai kauri da 'yan ɓarɓashi suna gangarowa cikin kwanon, suna manne wa yatsu. Wannan ruwa shi ne zaƙin masarar da kaurinta, kuma duk wanda ya jefar da totuwa bai kankare ta ba ya zubar da rabin abin da ya saya. Ita kanta totuwar a karya ta biyu a jefa a tukunyar romo a minti 20 na ƙarshe, tana ƙara masa ƙanshi.

Daga nan a raba ƙwayoyin gida uku. Kaso ɗaya a daka shi a turmi ko a markaɗe shi har ya yi laushi kamar ƙullun koko, kaso biyu a bar su yadda suke. A ganina wannan dakakkiyar masara ta fi kirim na madara mai tsada da ake sayarwa a manyan kantuna amfani, domin tana ba da kauri da santsi ba tare da ta cika ciki da maiƙo ba. Masararmu ta gona ta fi ta Amurka tauri kuma ba ta kai ta zaƙi ba, don haka tana bukatar minti 20 zuwa 30 a wuta, alhali ta gwangwani dafaffiya ce, minti 5 ya ishe ta. Busasshiyar masara ba ta yi, idan aka ɓarza ta aka zuba to an koma faten tsaki.

Haɗa tukunya

A wanke tukunyar a mayar kan matsakaiciyar wuta, a narka man shanu, a zuba yankakkiyar albasa da karas a juya na minti 5 har albasar ta yi laushi ba tare da ta yi ja ba. A sa dakakkiyar tafarnuwa, sa'an nan a barbaɗa fulawa a ci gaba da juyawa na minti 2. Da farko za a ji warin ɗanyen gari, daga baya ya koma ƙanshi irin na cincin a cikin mai, wannan ita ce alamar fulawar ta soyu. Sai a fara zuba romo mai ɗumi ludayi ɗaya-ɗaya ana damawa da muciya, kamar yadda ake talge, kada a tuttula shi gaba ɗaya ya yi gudaji. Idan romon ya shige duka, a zuba dankalin da aka yanka ƙanana kamar kan ɗan yatsa, da masarar duka, dakakkiya da tsayayya, da masoro da attarugu. A rufe a bar shi minti 25, ana buɗewa lokaci-lokaci ana kai muciya har gindin tukunya, domin abu mai sitaci saurin kamu gare shi, kuma idan ya kama, ƙaurin ba ya fita ko me aka yi.

Ɗalibai su lura da waɗannan kalmomi biyu a rubuce: kauri da ƙauri. Na farko shi muke nema, na biyu shi muke gudu, kuma ɗan lanƙwasan da ke kan harafin ne kawai ya raba su. Haka nan wanda ya manta da lanƙwasa wajen rubuta ƙashi ya rubuta abin da ba a sawa a tukunya.

Zuba madara

Idan dankali ya nuna, a zuba yagaggen naman, a ɗanɗana gishiri, sa'an nan a rage wuta ƙwarai. Mai girki da itace ya janye itacen ya bar garwashi, mai gawayi ya ɗebe rabi. A ɗebo ludayi ɗaya na romon a zuba cikin madarar a juya domin ta ɗumama, sa'an nan a mayar da ita tukunya a hankali ana juyawa. A bar ta minti 3 zuwa 5 har tururi ya tashi, amma kada a yarda ta tafasa. Dalili shi ne madara ba ta jure abu biyu, wato tafasa mai ƙarfi da tsami, ko wanne ya same ta sai ta tsinke, ruwa ya ware gefe, farin ya dunƙule. Shi ya sa aka hana tumatir da lemon tsami da tsamiya.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Ranar da na fara gwada girkin madara ta ƙare a gidan, sai na ce ai kindirmo ma nono ne, na juye kwano guda a tukunya tana tsakiyar tafasa. Kafin in ɗauko murfi, romon ya koma ruwa tsararo da fararen gudaji suna yawo a sama kamar ana shirin yin awara. An sha shi haka nan domin bai lalace ba, amma ba wanda ya nemi ƙari. Mai sha'awar kindirmo ya jira sai an zuba a kwano, ya ɗora cokali ɗaya a sama. Wanda kuma madara take ɓata wa ciki ya bar ta gaba ɗaya, ya daka rabin masarar a maimakon kaso ɗaya, ya kuma murƙushe ɗan dankali a jikin tukunya.

Gwajin kauri shi ne a tsoma cokali a ɗago, a ja yatsa a bayansa. Idan layin ya tsaya bai rufe ba, ya yi. Idan ya cika kauri a ƙara ruwan zafi kaɗan. A yayyanka lawashi a watsa a sama, a sha da zafinsa, da burodi ko gurasa ko shi kaɗai.

Ajiya

Abincin da ya haɗa nama da madara ba ya jure zama. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32 a ma'aunin Selshiyos, awa 1 ne kawai, kuma kowa ya san a bazara muna wuce haka da nisa. A cikin firjin da ke aiki ba yankewa yana kai kwana 3 zuwa 4, a juye shi a ƙananan mazubai marasa zurfi domin ya yi saurin sanyi. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, abin da ya fi shi ne a dafa daidai cikin mutanen gida. Idan an san za a rage, a ɗebi rabon gobe kafin a zuba madara, a sa masa tasa madarar idan an zo ɗumame. Wajen ɗumamen a yi amfani da ƙaramar wuta ana juyawa har ko'ina ya ɗauki zafi sosai, wanda a ma'aunin abinci digiri 74 ne.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya kwafe kayan haɗin a littafinsa, ya rubuta awon kowanne da lamba a gabansa. Sa'an nan ya lissafa abin da za a bukata idan baƙi suka zo mutane suka zama 12, da kuma idan mutum 3 ne kawai a gida, ya faɗi leda nawa ta ruwa za ta shiga tukunya a kowane hali. Ya tambayi farashin kilo ɗaya na talotalo da na kaza a kasuwar garinsu, ya rubuta bambancin, domin ana iya yin wannan romo da kaza ko zabo ba tare da an canja komai ba sai tsawon dahuwa. A ƙarshe ya gina jimla ɗaya da kalmar kauri, ɗaya da kalmar ƙauri, ya kawo wa malami a zama na gaba.