Damisa ba "tiger" ba ce: kurakuran da aka fi yi a kalmomin dabbobi da na jiki a Turanci

Yawancinmu da jerin kalmomi muka fara koyon Turanci, wannan gefe Hausa, wancan gefe Turanci, a haddace a wuce. To daga nan ne matsalar ke tasowa, domin wurare da dama inda Bahaushe ya wadatu da kalma ɗaya, Bature ya raba abin gida biyu ko uku.

Damisar da muka sani, mai roɗi-roɗi, mai hawa bishiya da abin da ta kama, leopard ce. Tiger zane ne da ita tsaye-tsaye, kuma babu ita a dajin Afirka ko kaɗan, sai a Asiya, kamar Indiya da gabashin Rasha. Haka kadan da ke kogunanmu crocodile ne, alligator kuwa a Amurka da wani yanki na Sin kawai ake samunsa. Kura hyena ce, kada a kira ta wolf. Zomon daji mai dogayen kunnuwa, wanda ake bi da karnuka a farauta, hare ne, na kiwo a gida shi ne rabbit. Kunkuru na tudu tortoise, kififiya ta ruwa turtle, ko da yake Amurkawa kan haɗa su duka su ce turtle.

Waɗannan dai iyakarsu a rasa maki a jarabawa. Wanda ya fi muni shi ne a ɗauki kalmar dabba a ɗora wa mutum. Ka ji an rubuta cewa an tsinci carcass ɗin wani bawan Allah a bakin hanya, alhali carcass na dabba ne, ko wadda ta mutu da kanta ko wadda aka yanka aka feɗe. Gawar mutum corpse ce, amma ita ma tana da kaushi, ta fi dacewa da rahoton 'yan sanda. In ana maganar mamacin da ake girmamawa, ko a gaban danginsa, sai a ce body ko remains. Gyaran ba shi da wuya ga Bahaushe, tunda ba wanda zai kira gawar mutum mushe. A riƙe wannan kunyar a shiga Turanci da ita.

Fata ma haka take. Ta jikin mutum skin ce, haka ta akuya da tunkiya. Ta babbar dabba kamar sa ko raƙumi hide ce, wato ƙirgi. Sai an kai ta majema an jeme ta take zama leather, irin wadda dukawan Kano ke ɗinka jaka da takalmi da ita. A kula kuma, ledar da muke zuba cefane, in ka ce wa Bature leather zai zaci jakar fata kake nema. Shi plastic bag ya sani. Gashi kuwa, na mutum hair, mai laushi na kyanwa ko zomo fur, na tsuntsu feather.

Wajen nama akwai tarihi. Bayan da Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmominsu sun shiga Turanci birjik, har aka wayi gari dabba tana da suna ɗaya a garke, wani a akushi: cow da beef, sheep da mutton, pig da pork. Saboda haka "cow meat" da muke ji a kasuwanninmu Turancin gida ne, a rubutu beef ake so. Na akuya dai "goat meat" ya zauna daidai. Tsokar jikin mai rai kuma flesh ce, ba a ce mata meat sai in ci za a yi. Cow ɗin ma saniya ce kawai, bijimi bull, shanu a dunƙule cattle, kuma ba a ƙara mata s a ce "cattles".

Inda na fi ganin abin na iya jawo illa shi ne gaban likita. Hannu a wurinmu daga kafaɗa ne har yatsu, amma hand daga wuyan hannu ne zuwa ƙasa, sauran arm ne. Foot daga idon sawu zuwa ƙasa, leg kuwa daga cinya ya faro. Mai karaya a ƙwauri da ya ce foot ya tura likita wani wuri dabam. Yatsun ƙafa toes ne, babu wani "leg fingers". Mai juna biyu kuma pregnant za a ce, "she has stomach" ba ya nufin komai a kunnen mai harshen. Maciji irin su kububuwa da gamsheƙa venomous ne, domin da sara suke zuba dafi. Poisonous na abin da ke cutarwa ne in an ci ko an taɓa, wato guba.

Sai kalmomin da ke ɗauke da yabo ko zagi a ɓoye. Mu in mun ce wa mutum ya yi ƙiba, sau da yawa muna nufin hutu ya karɓe shi. Ka ce wa Baturiya "you are fat" kuwa ka sayi rigima, "you look well" ya isa. Slim yabo ne, thin tsaka-tsaki, skinny ya karkata ga kushe. Animal ita ce kalmar da ba ta da wani launi. Beast na babbar dabba ce mai ban tsoro, ban da "beast of burden" da ake ce wa jaki da raƙumi. Creature ta game duk wata halitta mai rai, kuma takan zo da tausayi, kamar a ce "poor creature". Brute kuwa yanzu an fi jifan mutum mara imani da ita, wanda ƙarfi kawai ya sani.