Yadda za ka gano abin da ya cinye maka wuri a disk

Salam 'yan uwa masu koyon Linux a nan Gusau, na ga wasu na kukan kwamfutarsu ta cika kuma ba su san me ya ci wurin ba. Ka buɗe tamina (terminal, wurin rubuta umarni) ka rubuta df -h, zai jero maka kowane ɓangare da girmansa da abin da ya rage, wannan -h ɗin shi ke sa ya nuna da G (gigabyte) da M (megabyte) maimakon dogayen lambobi. Duba layin da ya ƙare da /, wato babban ɓangaren da Linux ke zaune, in ya haura kashi 90 to akwai aiki.

Sai dai df ba ya faɗin wace folda ce ta kumbura. Shiga foldar da kake zargi ka buga du -sh * | sort -h, manyan za su taru a ƙasa, amma fa ba ya ƙirga masu farawa da ɗigo irin .cache. Ni na fi zargin /var/log (inda Linux ke ajiye rahoton abin da ke faruwa) da fakitocin da apt (mai girka manhajoji) ke tarawa, masu Ubuntu sudo apt clean zai share muku fakitocin lafiya lau.

In akwai wuri amma fayil ya ƙi ajiyuwa, gwada df -i, ƙila inode ne suka ƙare, wato guraben da disk ke rubuta bayanin kowane fayil. Don Allah kar kowa ya sa rm (umarnin goge fayil) a /var bai tambaya ba.