Yadda Shugaban Makaranta Zai Bi da Ƙorafin Wariya a Kan Kocin Wasanni

Idan ɗalibi ko mahaifinsa ya kawo ƙorafi cewa koci ya yi wa yaro gori da launin fatarsa, ko ƙabilarsa, ko garin da iyayensa suka fito, abu na farko da ya wajaba a kan shugaban makaranta shi ne ya rubuta maganar a ranar, kamar yadda yaron ya ce an furta ta, ba tare da sassautawa ba. A rubuta ko a wurin atisaye ne ko a tsakiyar wasa, da waɗanda suke kusa. Magana idan ta kwana biyu tana yawo a WhatsApp na iyaye takan sauya kama, kuma a gari irin Zariya, inda aji ɗaya a Samaru ko Sabon Gari yake haɗa Bahaushe da Bafulatani da Bayarabe da Ibo da Bajju, jita-jita ba ta daɗewa kafin ta tsallake katangar makaranta.

Daga nan sai a saurari shaidu ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban kocin ba, domin yaron da ke fatan a sa shi a wasan gobe ba zai faɗi abin da ya ji ba idan mai zaɓen 'yan wasa yana kallonsa. Saboda haka ya kamata wani malami ya riƙe ƙungiyar har a gama bincike, a kuma bayyana cewa wannan ba hukunci ba ne. Shi ma kocin a karanta masa zargin, a ba shi dama ya amsa a rubuce.

Amsar da aka fi samu ita ce, "Wasa nake yi," kuma a nan ne ake buƙatar natsuwa. Gaskiya ne muna da wasan barkwanci tsakanin Zagezagi da Kanawa, ko tsakanin Fulani da Barebari, amma wannan wasa ne na tsara, wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. Ɗalibi ba shi da wannan baki a gaban kocinsa. Kiran yaro da "zabiya" ko "arne" a gaban abokansa ya riga ya ware shi, ko da mai furucin bai yi nufin cin mutunci ba. Niyya tana iya rage hukunci, amma ba ta share laifi. A 2011 Luis Suarez na Liverpool ya ce kalmar da ya gaya wa Patrice Evra, ɗan wasan Manchester United, ba zagi ba ce a ƙasarsu, duk da haka hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta dakatar da shi wasanni 8, ta ci shi tarar fam 40,000.

Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabila, ko asali, ko addini, don haka kada a rufe maganar da "a yi haƙuri" kawai. Idan zargin ya tabbata, a ba kocin takardar gargaɗi ko a dakatar da shi gwargwadon nauyin furucin, ya kuma nemi afuwar yaron a gaban 'yan wasan da suka ji gorin, idan yaron da iyayensa sun amince. Idan bai tabbata ba, a wanke kocin a rubuce, kuma kada a hukunta yaron don ya yi ƙorafi.

A sanar da iyaye sakamakon baki da baki kafin taron iyaye da malamai. Sannan shugaban makaranta ya riƙa duba jerin 'yan wasa har ƙarshen zango, ya tabbatar ba a ajiye yaron ko shaidunsa a benci ba saboda sun yi magana.