Kayan canza ruwan tankin kifin ado da yadda ake amfani da su

Kayan aikin ba su da yawa: tiyo mai tsawon kamar mita 2, faffaɗan bututun tsotsar datti da ake haɗawa a bakinsa, bokiti biyu masu cin lita 15 zuwa 20, maganin kashe kilorin, da ma'aunin zafi. Bokitan nan na kifi ne kaɗai. Wanda aka taɓa yin wanki a ciki kada ya kusanci tanki, domin ɗan ragowar omo yana lalata wa kifi hanyar numfashi.

A mako ana cire kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ruwan. Tanki mai santimita 60 a tsawo, 30 a faɗi, 30 a zurfi yana cin lita 54, don haka bokiti ɗaya ya isa. Kafin ka fara, cire filogin hita da na matacin ruwa. Hitar gilashi idan ruwa ya sauka ya bar ta a kunne tana tsagewa.

Ajiye bokiti a ƙasa, dole ya kasance ƙasa da matakin ruwan tanki, in ba haka ba ruwa ba zai zubo ba. Kada ka zuƙa da baki. Nutsar da bututun ya cika, ɗaga shi sama ruwan ya gangara cikin tiyo, ka mayar da shi cikin tanki kafin iska ta shiga. Daga nan sai ka riƙa cusa shi cikin tsakuwa: tsakuwar za ta ɗan tashi ta koma, kashin kifi da ragowar abinci su bi tiyo. Idan ƙarfin ya yi yawa har tsakuwa na hawa, lanƙwasa tiyon da yatsa. Mai yashi kuwa ya riƙe bututun sama da yashin da santimita ɗaya ko biyu. Inda akwai 'ya'yan kifi, a ɗaure ɗan raga a bakin bututun.

Kada ka zubar da tsohon ruwan tukuna. A cikinsa ake matse soson matacin, saboda ruwan famfo mai kilorin yana kashe ƙwayoyin halittar da ke cikin soson masu cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi.

Wajen cikawa aka fi yin ɓarna. Ruwan famfo a sa masa magani a bokiti kafin a zuba. Seachem Prime, wani irin maganin kashe kilorin, mililita 5 ne ga lita 200. Ajiye ruwa kwana ɗaya ko biyu yana korar kilorin, amma ba ya korar kiloramin, haɗin kilorin da amoniya da ake sa wa ruwan famfo a wasu wurare. Ruwan rijiyar burtsatse ba kilorin, sai dai iskarsa kaɗan ce, a bar shi ya kwana da famfon iska. Ruwan tankin saman rufi kuma da rana a lokacin bazara zafinsa ya fi ƙarfin kifi, a ɗeba da asuba. Yawancin kifin ado suna son digiri 24 zuwa 27, kada bambancin sabo da tsoho ya wuce digiri 2.

Zuba a hankali a kan faranti don kada tsakuwa ta watse. Mai babban tanki ya sayi ƙaramin famfo mai nutsewa ya tura ruwan daga duro, tunda bokitin lita 20 kilo 20 ne. Maƙale bakin tiyon a gefen gilashi, ka tsaya a wurin har ya cika, sannan ka mayar da filogi.