Yadda za ka faɗi "halin ko-in-kula" da Turanci a Legas

Kafin ka zaɓi kalma, duba abin da mutumin ya rasa: tausayi ne, ko sha'awa, ko kuwa kula da aikinsa? Mu kan tattara su duka cikin "ko-in-kula", Turanci kuwa ya ba kowanne tasa.

In tausayi ne babu, kalmar ita ce "callous". Daga Latin ta fito, kuma asalin ma'anarta fatar da ta yi kanta, irin tafin hannun ɗan dako a kasuwar Mile 12. Wato zuciya ce ta yi kanta har ba ta jin zafin wani. Tana da nauyi ƙwarai. Ta dace da mai gidan hayar da ya watsar da kayan marayu waje ana tsuga ruwa, amma kada ka jefi abokinka da ita don bai ɗaga wayarka ba. Nan "uncaring" ta wadatar.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne "nonchalant". Daga Faransanci aka aro ta, don haka "ch" ɗinta kamar "sha" ake furtawa: nonshalant, ba noncalant ba. A ofisoshin Ikeja, in takardar tuhuma ta ce kana da "nonchalant attitude", sakaci ake nufi, kuma sai ka kare kanka. A Turancin Ingila kuwa tana nufin wanda ya saki jiki, ko gezau, wani lokacin ma yabo ce. Saboda haka in Bature kake rubuta wa ƙorafin ma'aikaci, yi amfani da "negligent" ko "careless", in ba haka ba zai ɗauka kana cewa yaron bai da rawar kai ne.

"Indifferent" ta wanda duk ɗaya ne a wurinsa ce, kuma "to" ke bin ta, ba "with" ba.

Sai tarkon bakin shago. Mai saye ya tambaye ka a Agege ko zai biya da tiransifa, kana nufin "ba komai", sai ka ce "I don't care". Ka ce masa "ina ruwana" ke nan, daidai da "I no send" na Burokan. Abin da kake nema shi ne "I don't mind".