Yadda ake auna hukuncin haramta jam'iyyar siyasa

A Yamai, labarin rushe jam'iyya ko dakatar da ƙungiya yakan iso ne ta sanarwar da ake karantawa a talabijin da dare, kafin gari ya waye kuma muhawara ta rabu gida biyu a fada da tasha: masu cewa an yi daidai domin dama ba sa ga maciji da jagoranta, da masu kukan zalunci domin nasu aka taɓa. Dukansu jam'iyyar suke aunawa, alhali hukuncin ne ya kamata a auna, kuma akwai hanyar yin haka ko da mutum bai karanci shari'a ba.

Da farko ka nemi rubutun hukuncin kansa, kada ka tsaya ga abin da aka ce an ce. Takardun hukuma a Nijar suna buɗewa da jerin layuka masu farawa da kalmar «Vu», inda ake ambaton dokokin da aka dogara da su, sannan a ƙasa ka ga sa hannu da hatimi. Ka karanta layukan nan a tsanake, ka ga ko akwai dokar da ta riga laifin wanzuwa, wadda kuma ta fayyace shi. Sashe na 22 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan ƴancin jama'a da na siyasa bai yarda a tauye ƴancin haɗa kai ba sai da doka, sai kuma ya zama dole domin tsaron ƙasa, zaman lafiya, lafiyar jama'a da tarbiyyarsu, ko kare haƙƙin wasu. Sashe na 10 na yarjejeniyar Afirka ta 1981 kan haƙƙin ɗan Adam shi ma ya tabbatar da wannan ƴanci.

Daga nan sai ka tambayi wanda ya yanke hukuncin, domin gwamnati abokiyar takarar jam'iyya ce, ba ta dace ta zama mai ƙara kuma alƙali ba. A Jamus, wadda ta ɗanɗana kuɗarta a hannun jam'iyyar Hitler, gwamnati da majalisun tarayya ƙara kawai suke iya shigarwa, hukunci kuwa na kotun tsarin mulki ne, kuma sai da amincewar kashi biyu bisa uku na alƙalan da ke zaman shari'ar. Tun 1949 jam'iyyu biyu kaɗai ta haramta, SRP ta magadan ƴan Nazi a 1952 da KPD ta ƴan kwaminis a 1956. Ba sai an je Turai ba ma: a nan Yamai, a watan Mayu na 2017, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta amince da ƙa'idojin da suka ce ba a dakatar da ƙungiya sai da umarnin kotu, ba a rushe ta sai an yi cikakkiyar shari'a an ƙare ɗaukaka ƙara. Idan haka ake bukata ga ƙaramar ƙungiyar unguwa, ina ga jam'iyyar da dubban mutane suka jefa wa ƙuri'a.

Inda aikin yake da wuya shi ne tantance laifin, kuma nan ne ya kamata ka daɗe. Ka rarrabe tsakanin ra'ayi da aiki. Jam'iyya tana da ikon neman a sauya tsarin mulki baki ɗaya, muddin ta hanyar zaɓe take neman haka, kuma abin da take son kawowa bai rushe dimokuraɗiyyar kanta ba. A kan wannan ma'auni kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce a 1998 Turkiyya ta yi laifi da ta rushe wata jam'iyyar kwaminis saboda sunanta da abin da ke cikin kundinta, tun ba ta fara aiki ba, amma a 2003 ta amince da hukuncin rushe jam'iyyar Refah ta Turkiyya, a 2009 kuma ta goyi bayan Sifaniya kan haramta jam'iyyar Batasuna saboda alaƙarta da ƙungiyar ETA mai ɗauke da makamai. A 2017 kotun Jamus ta tabbatar cewa manufar jam'iyyar NPD mai aƙida irin ta ƴan Nazi ta saɓa wa tsarin mulki, amma ta ƙi haramta ta domin ba ta da ƙarfin cim ma burinta. Ka duba kuma ko laifin na jam'iyyar ne ko na wani ɗanta da ya yi gaban kansa, domin a wannan fage doka ba ta bin karin maganar nan cewa wake ɗaya ke ɓata gari: wanda ya tunzura jama'a shi za a gurfanar.

A Nijar akwai wani tarko na musamman. Sashe na 9 na kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 2023, ya hana jam'iyyun ƙabilanci, ɓangaranci da addini. Sai dai kowa ya san PNDS ta samu gindin zama a Tawa, CDS ta yi tashe a Damagaram, ANDP kuma a Doso, kuma yawan ƙuri'a a jiha ɗaya ba ɓangaranci ba ne. Hujjar da za ka nema tana cikin kundin jam'iyyar, da sharuɗɗan shiga cikinta, da kalaman da shugabanninta suka yi da yawunta.

Bayan haka ka tambaya ko akwai matakin da bai kai rushewa ba wanda zai wadatar, kamar gargaɗi, tara ko yanke tallafin kuɗi, irin wanda Jamus ta yi wa magajiyar NPD na shekara 6 a 2024. Ka kuma lura da wanda zai ci ribar hukuncin. An haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a Oktoban 1959 da dokar gwamnati, jam'iyya mai mulki PPN-RDA ta wanzu ita kaɗai har juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, magoya bayan Sawaba kuwa suka koma aiki a ɓoye, har ta kai ga ɗaukar makamai a 1964. Sai a ƙarshen 1990, bayan jinin ɗalibai ya zuba a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu, aka sake buɗe ƙofar jam'iyyu barkatai.

Rushe dukan jam'iyyu lokaci guda, kamar yadda aka yi a Nijar ranar 26 ga Maris 2025 bayan shawarar babban taron ƙasa na watan Fabrairu, ba ya shiga wannan ma'auni, domin babu tuhuma ɗaya-ɗaya balle kare kai, mataki ne na mulkin riƙon ƙwarya. A ƙarar da tsohon shugaban Gambiya Dawda Jawara ya kai ƙasarsa, hukumar Afirka ta yanke a 2000 cewa haramta jam'iyyu bayan juyin mulki ya keta sashe na 10 na yarjejeniyar Afirka.

Idan taka jam'iyya ko ƙungiya ce hukuncin ya faɗa wa, ka tattara takardar izini, kundin dokoki, rahotannin taruka da lissafin kuɗi, ka ajiye kwafinsu a wajen ofis tun kafin a garƙame shi. Ka ga lauya da wuri, domin wa'adin ƙalubalantar matakin hukuma gajere ne, hukumar Afirka da ke Banjul kuma a ƙa'ida ba ta karɓar ƙara sai an fara bin kotunan gida.